Babi na 6: Yaya Huhu Yake Sacewa?

"Huhunsa ɗaya ya sace." Idan likita ya ɗaga hoton ƙirji ya faɗi haka, tambayoyi biyu ne ke zuwa bakin dangin maras lafiya kusan a tare: ta ina iskar ta fita, kuma huhun zai sake tashi ko ya tafi ke nan? Wasu kan ɗauka cewa huhun ruɓewa ya yi. Wasu tun a bakin ƙofa suke fara lissafin buhunan da za a sayar don a yi tiyatar cire shi.

Mutanen Mungadi da Maiyama da Jega da Aliero suna jin wannan magana a kan mutanen da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan: saurayin da ya faɗo daga babur, dattijon da ya yi wata uku yana tari, yarinya 'yar shekara biyu da ta ƙware da gyaɗa, mai jegon da aka yi wa tiyata shekaranjiya. Abin da ya haɗa su shi ne, sacewar huhu ba cuta ba ce mai zaman kanta. Wani abu ne ya jawo ta, kuma wannan abin ake nema.

Me ke riƙe da huhu a buɗe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar layya ya ga sacaccen huhu, ko da bai sani ba. Da zarar an buɗe ƙirjin rago, huhun sai ya yi laƙwas a gefe, ya bar fili mai yawa tsakaninsa da haƙarƙari. Lokacin da ragon ke raye babu wannan fili. Huhun cika ƙirjin yake yi taf. Idan aka hura iska ta maƙogwaron, zai kumbura ya koma girmansa, idan aka saki ya sake kwantawa.

Huhu ba shi da ƙarfin buɗe kansa. Halinsa ma kullum ya tsuke ne. Misalinsa zugazugin maƙera: fatar ba ta tashi da kanta, hannun mai zuga ke ɗaga ta iska ta shiga. A jikin mutum, hannun shi ne haƙarƙari guda 24 da kuma faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Riƙon da hannun ya yi wa fatar kuwa wani siririn tantani ne mai ruɓi biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya manne da bangon ƙirji, da ɗan ruwa a tsakani wanda bai wuce babban cokali ɗaya ko biyu ba. Muddin babu iska tsakanin tantanin nan biyu, duk inda ƙirji ya buɗa dole huhu ya bi shi.

A cikin huhun kansa, maƙogwaro ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rarrabuwa har ya ƙare a ƙananan jakunkunan iska, miliyan 300 zuwa 500 a jikin baligi. A nan ne jini ke karɓar oksijin. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu domin ya bar wa zuciya wuri. Shi ya sa sacewa ba lallai ta kama huhu dungurungum ba. Tana iya tsayawa a kashi ɗaya, ko a wani ɗan lungu can ƙasa.

To, huhu na sacewa idan riƙon nan ya kuɓuce wani abu ya danne shi daga waje, ko idan hanyar iska ta toshe daga ciki, ko kuma idan mutum ya daina jan dogon numfashi.

Iska a inda ba gurbinta ba

Jega mahaɗar hanyoyi ce. Ta Sakkwato ta biyo ta Aliero, ta Birnin Kebbi ta biyo ta Kalgo, ta kudu kuma ta ratsa ƙasar Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Lokacin kakar albasa manyan motoci da babura da amalanken shanu duk titi ɗaya suke rabawa, kuma ba baƙon abu ba ne a ga mutane zaune a saman buhuna. Wanda ya faɗo ta gefe, haƙarƙari ne ke fara karɓar ƙasa. Idan ƙashin ya karye, tsininsa na iya tsaga huhu, sai iska ta riƙa tsiyaya cikin tsakanin tantanin nan biyu. Wuƙa, harsashi da ƙahon sa su kuma daga waje suke buɗe ƙofar. Sau da yawa jini ma kan taru tare da iskar. Taruwar iskar nan ita ce abin da likitoci ke rubutawa a kati da sunan numotoraks.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, mai irin wannan rauni yana iya miƙewa da ƙafafunsa, ya kaɗe rigarsa, ya ce a kai shi gida. Ranar 30 ga Maris 1981 aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a Washington. Shi kansa bai san harsashi ya same shi ba. Ya zaci haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da mai gadinsa ya tura shi cikin mota. Sai da mai gadin ya ga yana tarin jini mai kumfa ya sa aka juya mota zuwa asibiti. Ya taka da ƙafarsa ya shiga, sannan ya sulale. Harsashin ya shiga huhunsa na hagu. Mutum ne mai shekara 70, amma da aka sa masa tiyo aka kuma yi tiyata a kan kari, ranar 11 ga Afrilu ya bar asibiti.

Mafi haɗari shi ne idan tsagar ta zama mai shigar da iska ba ta fitarwa. Kowane numfashi sai ya ƙara cika wurin. Huhun ya kwanta gaba ɗaya, iskar ta ci gaba da turawa har ta matse zuciya da manyan jijiyoyin da ke mayar mata da jini. Mutum ya kama haki da gumi, ya kasa zama ya kasa kwanciya, jijiyoyin wuyansa su tashi, gefe ɗaya na ƙirjinsa ya daina motsi. Wannan mintuna yake ɗauka ya kashe, kuma allura mai kauri guda ɗaya da ƙwararre zai soka tsakanin haƙarƙari tana iya ceto shi. Saboda haka mai raunin ƙirji da ke haki, asibiti mafi kusa ake kai shi, a zaune ko a jingine. Idan akwai wuƙa ko ƙarfe a jiki ba a zarewa. Idan ramin a buɗe yake ba a cusa masa garin magani, ba a kuma liƙe shi ruf, domin liƙewar na iya kulle iskar a ciki.

Akwai kuma wanda babu abin da ya taɓa shi. Saurayi ne dogo siriri, yana zaune a majalisa ko yana alwala, sai ya ji suka a gefe ɗaya na ƙirji kamar an caka masa tsinke, numfashi ya gajarta. Irin wannan ne ake saurin cewa sammu ko jifa. Alhali wani ɗan bororo ne a saman huhu ya fashe. Wani bincike da aka wallafa daga Suwidin a 1987 ya nuna cewa shan taba na ninka haɗarin wannan fashewa kusan sau 22 a maza, sau 9 a mata. Wiwi ma ba a bar ta a baya ba. Kuma cikin kowane mutum uku da abin ya taɓa samu, kusan ɗaya yakan sake fuskantarsa, musamman idan bai rabu da karan sigari ba.

Tari, ruwa da mugunya

Ba iska kaɗai ke danne huhu ba. Ruwa ma na taruwa a wannan tsakani, kuma a Nijeriya idan baligi ya zo da ruwa a gefe ɗaya na ƙirji, tarin fuka ne abu na farko da likita ke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da shi duk shekara a ƙasar nan, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Shi ruwan a hankali yake taruwa, sai mutum ya yi ta sabawa da shi. Manomin da ke yin kunya goma kafin ya miƙe baya ya koma yin uku. Ya ga ba ya iya barci sai a gefe ɗaya. Zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, duk a ɗora wa shawara ko basir, a yi ta shan jiƙo.

A watan Agusta 1988 aka fitar da Nelson Mandela daga kurkuku zuwa asibitin Tygerberg da ke Cape Town, aka zuƙe ruwa kusan lita biyu daga ƙirjinsa. Tarin fuka ne. Ya sha magani ya warke, ya yi shugabancin ƙasarsa, ya rayu har 2013. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar, kuma wata shida ake sha ba fashi. Mai tarin da ya kai mako biyu bai da hujjar jira.

Wani abin mamaki a tarihin wannan cuta: akwai zamanin da likitoci da gangan suke sace wa mutum huhu. A 1882 wani likitan Italiya, Carlo Forlanini, ya kawo shawarar a riƙa ɗura iska cikin ƙirjin mai tarin fuka domin huhun da ya kamu ya kwanta ya huta. Dubban mutane a Turai da Amurka sun yi shekaru suna zuwa ana ƙara musu iska, har sai da aka gano maganin istireptomaisin a 1943 hanyar ta fara mutuwa. Ko ba komai, wannan ya nuna cewa mutum na iya yawo da huhu ɗaya a kwance, idan ɗayan lafiyayye ne.

A yara, abin da ya fi taruwa mugunya ce, bayan nimoniyar da ba a yi wa magani da wuri ba, ko wadda ta biyo bayan ƙyanda. Idan mugunya ta daɗe takan yi ɓawo mai kauri a jikin huhu, ta yadda ko an zuƙe ta huhun ba zai iya buɗewa ba sai an yi tiyata an ɓare ɓawon.

Ƙwayar gyaɗa ɗaya

Yaron da bai kai shekara uku ba ba shi da cikakkun turamen haƙora, kuma yana ci yana gudu yana dariya. A ba shi gyaɗa, ko gurjiya, ko aya, ko ya tsinci ƙwayar masara a tsakar gida, numfashi ɗaya ya isa ya zuƙe ta zuwa hanyar iska. Haka ɗan usur ɗin da ke cikin kayan wasa na roba, da murfin biro, da allurar ɗaura hijabi da 'yan mata ke riƙewa a baki.

Yaron zai ƙware, ya yi tari kamar ransa zai fita, idanu su yi ja. Can sai ya yi shiru, ya koma wasa. Uwa ta ce, "Alhamdu lillahi, ta wuce." Sau da yawa ba ta wuce ba, gangarawa ta yi ta samu wurin zama, galibi a reshen dama domin ya fi faɗi ya kuma fi miƙewa. Idan ta toshe reshen, iskar da ke bayanta ba ta da hanyar fita, sabuwa ba ta da hanyar shiga. Jini sai ya tsotse wadda ta rage cikin 'yan sa'o'i, wannan sashe na huhu ya manne.

Gyaɗa ta fi dutse ko ƙarfe mugunta a nan. Tana jiƙa ta kumbura, manta yana ƙona bangon hanyar iska, kuma ita kanta ba ta fitowa a hoton ƙirji. Sai dai a ga ɓarnarta. Bayan kwanaki sai zazzaɓi da tari su taso. A sayo magani a kemis, ya lafa, ya dawo. A kwantar da yaron a yi masa allurai, ya samu sauƙi, bayan wata ɗaya nimoniya ta sake kama shi a daidai wurin da ta kama a baya. Abin da zai warware wannan ƙulli jimla ɗaya ce daga bakin uwa ko kaka: "Likita, kwanakin baya fa ya taɓa ƙwarewa da gyaɗa." Likitan da ya san aikinsa zai tambaya, amma bai kamata a jira sai ya tambaya ba.

Ana ciro ta ne da wani bututun ƙarfe mai fitila da ake zurawa ta baki bayan an sa yaron barci. Gustav Killian ne ya fara yin haka a 1897 a Freiburg ta Jamus, inda ya zaro ƙashi daga reshen dama na wani manomi. Ba kowane babban asibiti ke da kayan aikin da ƙwararrun ba. Daga yankin Maiyama, tafiyar takan kai iyaye Birnin Kebbi, wani lokaci har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiya ce mai cin kuɗi, amma idan aka bar ƙwayar ta yi watanni, hanyoyin iskar da ke bayanta kan lalace su zama matattarar kaki har abada, wani lokaci sai an yanke sashen.

A lokacin da yaro ya shaƙe kuwa, idan yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi. Idan ya kasa tari da kuka, a kifa shi kansa ya yi ƙasa a buga bayansa tsakanin kafaɗu sau biyar da tafin hannu. Zura yatsa a lalubo abin da ba a gani ba yakan ƙara tura shi ciki.

Kwanciya da ɗaurin ƙirji

Mutum yakan yi ajiyar zuciya kusan duk bayan minti biyar ba tare da ya lura ba, ko da ba shi da wata damuwa. Aikinta shi ne sake buɗe ƙananan jakunkunan da suka fara mannewa. Duk abin da ya hana wannan dogon numfashi yana share wa sacewar huhu hanya, kuma a asibiti wannan nau'i ya fi kowane yawa.

Kusan tara cikin goma na waɗanda aka sa barcin tiyata, wani ɓangare na ƙasan huhunsu kan manne tun suna kan teburi. Yawanci yakan buɗe da kansa. Amma wanda aka yanka a ciki ko a ƙirji yana tsoron jan numfashi, yana tsoron tari kada ɗinki ya farke. Dangi kuma, don tausayi, sai su ce, "Inna, kwanta abinki, kar ki motsa." Kaki ya taru, ƙasan huhu ya toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Don haka idan nas ta zo washegarin tiyata ta ce a tashi a zauna, a taka zuwa ƙofa, a rungume matashin kai a kan ɗinki a yi tari, ba rashin imani ba ne. Haka ma tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗaki: a riƙa juya shi, a jingina shi zaune, kada a ba shi kunu yana kwance.

A nan ne ya kamata a yi maganar ɗori. Aliero ta yi suna da masu ɗori tun kaka da kakanni, har daga wasu jihohi ake kawo musu masu karaya. Sai dai haƙarƙari ba ƙafa ba ne. Ƙashin ƙafa ana so ya tsaya cik ya haɗe. Haƙarƙari kuwa dole ya motsa sau 12 zuwa 20 a kowane minti. Likitoci ma a da sukan naɗe ƙirji da filasta ko bandeji, suka daina da suka ga naɗin na rage zafi amma yana jawo mannewar huhu da nimoniya. Ɗaure ƙirji tamau da rawani ko tsumma illarsa ɗaya ce, ko wa ya ɗaura. Karayar haƙarƙari takan haɗe da kanta cikin kusan mako shida. Abin da take buƙata shi ne a fara duba cewa huhu bai tsage ba, sannan maganin zafi mai isa wanda zai bar mutum ya ja numfashi ya yi tari.

Bakwaini

Cikin jakunkunan iska akwai wani maiƙo da huhu ke yi wa kansa don kada bangayensu su liƙe da juna. Jariri ba ya samun isasshensa sai wajen mako na 34 zuwa 35 na ciki. Shi ya sa bakwaini ke nishi, ƙirjinsa na lotsawa: kowane numfashi sai ya sake buɗe huhun daga farko. Mary Ellen Avery da Jere Mead ne suka gano wannan dalili a 1959, amma maganin bai zo da wuri ba. A Agusta 1963 ɗan shugaban Amurka Kennedy, Patrick, ya rasu da wannan ciwo kwana biyu bayan haihuwarsa. Yau idan naƙuda ta taso kafin lokaci, akwai allura mai araha da ake yi wa uwa don huhun ɗan ya yi saurin nuna, muddin ta isa asibiti kafin ta haihu.

Yana tashi?

Jini ba ya daina bi ta sashen da ya sace, sai dai ya wuce hannu rabbana, bai ɗauki oksijin ba. Daga nan ne haki da bugun zuciya da kasala ke fitowa. A fatar baƙin mutum ba a cika ganin sauyin launi ba, sai a duba harshe da cikin leɓe. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya; idan ta sauka ƙasa da 90, magana ta zama ta gaggawa. Yadda abin zai yi tsanani ya danganta da girman wurin, da saurin faruwarsa, da kuma lafiyar sauran huhun. Saurayi na iya jure abin da zai kayar da dattijo mai asma ko tsohon mashayin taba.

Amma amsar tambayar dangi ita ce e, a mafi yawan lokuta yana tashi. Iska kaɗan jiki ke tsotse ta da kansa, kusan kashi 2 cikin 100 a kowace rana. Mai yawa kuwa ana sa tiyo tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakin a nutse cikin ruwa a kwalba, yadda iska za ta fita ta yi ɓulɓul amma ba za ta koma ba. Gotthard Bülau ya yi amfani da wannan dabara a Hamburg tun 1875, kuma har yau ita ce. Masu jinya su kiyaye: kwalbar kullum ƙasa da ƙirji take zama. Ba a ɗora ta kan gado don a yi shara, ba a zubar da ruwanta, ba a naɗe tiyon. Yawanci cikin 'yan kwanaki ake cirewa.

Saura maniyyata. Wanda iska ta taɓa shiga ƙirjinsa kuma yana shirin hawa jirgi daga Birnin Kebbi zuwa Saudiyya, ya gaya wa likitan alhazai. A sama iskar da ke kulle a jiki ƙara girma take yi, don haka ba a tashi sai hoto ya nuna huhun ya koma daidai, an kuma ƙara aƙalla mako ɗaya a kai, mako biyu idan rauni ne ya jawo.

Nimoniya ta yi ta leƙowa a wannan babi, wani wuri ita ce sanadi, wani wuri ita ce sakamako. Babi na gaba nata ne: yadda uwa za ta ƙirga numfashin ɗanta da agogon waya ta bambance mura da nimoniya, abin da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu ke yi wa ƙirjin yara, da allurar rigakafinta da aka shigar cikin jadawalin Nijeriya tun Disamba 2014.